An kai shi ƙasa kuma aka ɗaga hannunsa: yadda ake hukunci a damben masu nauyi

“Malam, barka da ƙoƙari. A majalisarmu gardama biyu ce ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Ta farko, mun kalli damben Fury da Ngannou a gidan kallo, da idonmu muka ga Ngannou ya kai shi ƙasa, amma aka tashi aka ce Fury ne ya ci. Wilder ma ya taɓa kayar da shi har sau biyu aka ce canjaras. Anya ba sayen alƙalan nan ake yi ba? Ta biyu, tsakanin Mike Tyson da Muhammad Ali wa ya fi? Ni dai Tyson nake so, don ban ga wanda yake kashe mutum da sauri kamarsa ba. Shi kuma Usyk a ina za a ajiye shi?”

Ɗan'uwa, na gode. Tambayoyinka biyu ne, amma jijiyarsu ɗaya: kana auna damben boksin da mudun damben gargajiya. Ba laifinka ba ne, da shi muka tashi. A namu damben, da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare, makaɗa su ɗauka. In an yi turmi uku ba kisa, a raba su, kowa ya koma wurin mutanensa. Babu wanda yake zaune da takarda yana ƙirga wanda ya fi kai naushi. Boksin kuwa faɗuwa ba ta kashe wasa matuƙar mutum ya miƙe kafin ƙirga goma kuma alƙalin tsakiya ya gamsu yana cikin hayyacinsa. Abin da faɗuwa take jawo masa shi ne asarar maki ɗaya a kan wanda dama zai rasa. Wanda bai riƙe wannan ba zai yi ta ganin zalunci inda babu shi, kuma ya kasa gane zaluncin gaske ranar da aka yi shi.

Lissafin takarda

Alƙalan maki uku ne, kowanne a gefensa na dandamali, ba sa magana da juna. Bayan kowane turmi na minti uku, kowa zai rubuta makinsa ya miƙa, kuma ba ya dawowa ya gyara. Wanda ya ci turmin goma yake samu, ɗayan tara. In an kayar da shi a turmin, takwas. Abubuwa huɗu ake cewa a duba: naushin da ya sauka sosai a jiki ko a fuska, matsa lamba mai amfani, iko da fili, da iya kare kai. A aikace na farkon shi ne uba, sauran ana komawa gare su ne in turmi ya yi kankankan.

Ka lura da abin da wannan tsari yake haifarwa. Wanda ya ci turmi da ƙyar da wanda ya jibgi abokin karawarsa har ya kusa faɗuwa amma bai faɗi ba, sau da yawa maki iri ɗaya ake rubuta musu, goma da tara. Mai kallo yana tuna babban lokaci, wato faɗuwa da jini da tangaɗi. Takarda ba ta tuna komai sai adadin turamen.

Mu ɗauki damben da ka fara ambata. A Riyadh aka yi shi ran 28 ga Oktoba 2023, turmi goma. Francis Ngannou, ɗan Kamaru da bai taɓa yin boksin na ƙwararru ba sai ran nan, ya kayar da Tyson Fury a turmi na uku da naushin hagu. Alƙali ɗaya ya ba Ngannou 95 da 94, biyu suka ba Fury, 95 da 94, da 96 da 93. In ka warware lissafin, mai 95 da 94 na Fury cewa yake Fury ya ci turmi shida, Ngannou huɗu. Wanda ya ba Ngannou kuwa biyar da biyar ya gani, faɗuwar ta raba gardama. Ka ga ashe turmi ɗaya tak ne tsakaninsu. Ni da na zauna na sake kallo da biro a hannu, biyar da biyar na samu, wato Ngannou na ba wa da maki guda. Amma akwai turame biyu ko uku da kusan ba a yi komai a cikinsu ba sai ɗan zungurin hannun gaba da Fury yake yi yana ja da baya, kuma wanda ya ba shi su ba zan kira shi ɓarawo ba. Abin kunyar da ke wannan dare na Fury ne, mai riƙe da kambun duniya da ya sha da ƙyar a hannun baƙo.

Na Wilder daban ne. Ran 1 ga Disamba 2018 a Los Angeles, Deontay Wilder ya kayar da Fury a turmi na tara da na goma sha biyu, kuma faɗuwar ta biyu kowa ya ɗauka an gama, sai ga mutum ya miƙe. Amma a sauran turamen Fury ne yake wasa da shi, Wilder yana ta naushin iska. Wanda ya rubuta 113 da 113 ya ba Fury turmi bakwai, faɗuwa biyun suka cinye ratar. Wanda ya rubuta 114 da 112 ya ba shi takwas. Na ukun, Alejandro Rochin, shi ya ba Wilder 115 da 111, har da turame huɗu na farko gaba ɗaya, kuma wannan takardar ban ga yadda za a kare ta ba. Saboda haka in akwai wanda aka ƙwara a wannan dare, Fury ne, wanda kuka gani a ƙasa.

To, ana sayen alƙalai ko ba a saye?

Boksin ba wasa ne mai tsarki ba. A 1999 an gurfanar da shugaban hukumar dambe ta IBF na lokacin, Robert Lee, a gaban kotu a Amurka bisa zargin karɓar kuɗi don a ɗaga wasu 'yan dambe a jerin matsayi. Amma abin da ya fi yawa ba ambulan ba ne. Mai shirya wasa shi yake ɗaukar nauyin kuɗin dare gaba ɗaya, har da ladan alƙalai da masaukinsu a mafi yawan wurare, ko da hukuma ce ta zaɓe su. Alƙali ya san wane ne ɗan gida, ya san wane ne ake fatan ya ci don a shirya babban wasa na gaba. Ba sai an ce masa komai ba. In turmi ya zo kankankan, hannunsa yakan karkata da kansa.

Misalin da har yau ake bayarwa shi ne Lennox Lewis da Evander Holyfield, 13 ga Maris 1999, a Madison Square Garden da ke New York. Lewis ya fi shi tsawo da tsawon hannu, ya yi ta saukar masa da naushi dare guda, naushin da ya shiga ya ninka na Holyfield fiye da sau biyu. Aka ce canjaras. Stanley Christodoulou na Afirka ta Kudu ya ba Lewis 116 da 113, Larry O'Connell na Birtaniya ya yi 115 da 115, Eugenia Williams ta Amurka ta ba Holyfield 115 da 113. Har turmi na biyar, wanda Lewis ya manne Holyfield a igiya yana duka, Holyfield ta ba wa, daga baya ta ce ba ta iya gani sosai daga inda take zaune. An yi bincike, aka sake haɗa su a Las Vegas a Nuwamba na shekarar, Lewis ya ci a takardun duka ukun. Abin mamaki, wasa na biyun ya fi na farkon zama kankankan.

Akwai kuma wanda mutane suka manta saboda an gama shi da kisa. Daren da Buster Douglas ya kwantar da Tyson a Tokyo, 11 ga Fabrairu 1990, Douglas ya yi ta dukansa tun turmin farko, in ban da faɗuwar da shi ma ya yi a na takwas. Da aka buɗe takardu bayan turmi tara, ɗaya ne kawai ya ba Douglas, 88 da 82. Ɗaya ya yi 86 da 86, ɗaya ma Tyson ya sa a gaba da 87 da 86. Da Douglas bai gama da shi a turmi na goma ba, Allah kaɗai ya san abin da za a sanar. Wannan aikin suna ne: idon alƙali yana ganin abin da ya zo da tsammanin gani.

Na faɗi haka ne don ni ma ya same ni. Alƙalancina bai wuce gasannin matasa da na 'yan dagaji ba, ban taɓa zama a gefen damben kambun duniya ba, amma cutar ɗaya ce. Wata rana a wani ɗakin wasa da ya cika maƙil, yaron garin yana karawa da wani baƙo. Duk hannun da yaron ya kai sai ɗaki ya ɗauki ihu. Na ba shi turmi na biyu ba tare da shakka ba. Bayan kwana biyu wani ya nuna mini hoton da ya ɗauka da waya, na kalla ba sauti. Kusan duk naushin da aka yi wa ihu a kan safar hannun baƙon da gwiwar hannunsa ya sauka, shi kuwa baƙon yana ta cusa gajeru a haƙarƙari, babu mai ce masa sannu. Da kunnena na yi hukunci. Yaron nan baƙo ya koma gida da rashin nasara wadda akwai hannuna a ciki, kuma har yau abin yana damuna. Tun daga ranar nake raba kowane turmi gida uku a raina, minti ɗaya ɗaya, in tambayi kaina wa ya ci kowanne, don kada daƙiƙa ashirin na ƙarshe su shafe mini abin da ya gabata. Ƙwararrun 'yan dambe sun san wannan raunin, shi ya sa za ka ga mutum ya huta minti biyu da rabi, da ya ji an buga alamar saura daƙiƙa goma sai ya ɓarke da duka.

Ga shawarata gare ku a majalisa: ku nemo damben Usyk da Fury na farko, 18 ga Mayu 2024 a Riyadh, ku kashe sauti, kowa ya riƙe takardarsa. Fury ya mamaye tsakiyar wasan, Usyk ya juya shi daga turmi na takwas, a na tara ya yi ta kora shi daga igiya zuwa igiya har alƙalin tsakiya ya yi masa ƙirga, domin igiyar ce ta hana shi kaiwa ƙasa. Sakamako: 115 da 112, da 114 da 113 ga Usyk, 114 da 113 ga Fury. Ba don wannan ƙirgar ba, takarda ta tsakiya 114 da 114 za ta zama, a tashi canjaras. A nan faɗuwa ta yi aikin da kake so ta yi.

Girman zakara

Kafin a ce wane ya fi wane, sai an san me ake tambaya. In ana nufin a haɗa su a dandamali ɗaya a ga mai ci, wannan hira ce mai daɗi amma ba ta da ƙarshe. Rocky Marciano, wanda ya yi wasa 49 ba a taɓa doke shi ba, nauyinsa wajen kilo 84 ne, yau ko ajin masu nauyi ba zai shiga ba, tunda sai an haura kilo 90. Fury ya hau sikeli da kusan kilo 119 a karonsa na farko da Usyk. Ali da Joe Louis turmi goma sha biyar suke yi a damben kambu, sai bayan rasuwar ɗan dambe Duk Koo Kim sakamakon dukan da ya sha a wani wasa a 1982 aka fara ragewa zuwa goma sha biyu. A zamaninsu kusan kullum zakara ɗaya duniya ta sani, yau hukumomi huɗu ne, WBA da WBC da IBF da WBO, kowacce da nata kambun, har mutum ya yi shekaru ana kiransa zakaran duniya bai taɓa haɗuwa da wanda ya fi kowa haɗari ba.

Ni abin da nake tambaya shi ne: wa ka doke, yana da ƙarfinsa ko ya tsufa, kuma me ka yi ranar da abu ya juya maka baya? Adadin nasara ba ya burge ni sosai. Marciano gwarzo ne, amma Louis ɗin da ya doke a 1951 yana da shekara 37, Jersey Joe Walcott kuma 38.

Da wannan mudun, Tyson ɗinka yana da abin da ba a ƙwace masa. Yana da shekara 20 ya karɓi kambu a hannun Trevor Berbick a Nuwamba 1986, babu wanda ya taɓa yi da ƙarancin shekaru haka a wannan aji. Ya haɗe kambuna uku, ya gama da Michael Spinks cikin daƙiƙa 91 a 1988. Waɗanda ba su san dambe ba ƙarfinsa suke gani, amma a shekarun nan abin da ya fi ƙarfin kyau shi ne yadda yake kaucewa da kai yana shigewa ƙarƙashin hannun dogaye, tarbiyyar mai horar da shi, Cus D'Amato. Sai dai ka duba sauran labarin. Larry Holmes da ya doke yana da shekara 38, kuma ya kusa shekara biyu bai yi wasa ba. Manyan tsararrakinsa biyu duk sun doke shi: Holyfield ya tsayar da shi a turmi na goma sha ɗaya a 1996, a karo na biyu a 1997 aka kore shi saboda cizon kunne, Lewis ya kwantar da shi a turmi na takwas a 2002. Za a ce ai gidan yari ya cinye masa shekaru uku, kuma gaskiya ne. Amma Douglas tun kafin gidan yari ya doke shi. A duk rayuwarsa ta ƙwararren ɗan dambe Tyson bai taɓa tashi daga ƙasa ya ci wasa ba, bai kuma taɓa rama kayen da aka yi masa ba. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Ali kuwa miyarsa ta ƙare sau da dama. Ya doke Sonny Liston a 1964 yana da shekara 22, lokacin da ake tsoron Liston kamar yadda aka zo ana tsoron Tyson. A 1967 aka ƙwace kambunsa saboda ya ƙi shiga soja a yaƙin Vietnam, ya yi sama da shekara uku ba ya dambe, kuma su ne shekarun da ƙafarsa ta fi sauri. Da ya dawo, Joe Frazier ya kayar da shi a turmi na goma sha biyar ya kuma ci wasan a Maris 1971. Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973. Duka biyun ya rama. Sannan ga Kinshasa, 30 ga Oktoba 1974: George Foreman yana da shekara 25, wasa 40 ba a doke shi ba, ya gama da Frazier da Norton kowanne cikin turmi biyu. Ali yana da 32, ƙafar ta tafi. Ya jingina da igiya ya bar Foreman ya zubar da ƙarfinsa a kan hannuwa da haƙarƙari, a turmi na takwas ya kwantar da shi. Mutum ɗaya ya zama zakara da gudu, ya sake zama da juriya da dabara bayan gudun ya ƙare. Abin da ya sa nake ɗora shi a sama ke nan, ba don sunansa ko addininsa ba, duk da na san su ne suka fara sa iyayenmu suka so shi tun zuwansa Ghana da Najeriya a 1964. Kuma don kada a ce na rufe ido: karonsa na uku da Norton a 1976, wanda aka ba shi da ratar turmi ɗaya ko biyu, ni Norton na ga ya ci. Sunan da ya taimaki Tyson a Tokyo shi ya taimaki Ali a New York.

Joe Louis nake sa wa kusa da shi. Ya riƙe kambu daga 1937 zuwa 1949, ya kare shi sau 25, har yau babu wanda ya kai haka a ajin. Max Schmeling ya kwantar da shi a 1936, ya rama a 1938 cikin turmin farko. A Disamba 1947 Walcott ya kayar da shi sau biyu amma aka ba Louis, mutane suka yi ta ihun ƙin yarda. Louis bai ɓuya a bayan takardar ba, ya sake ba shi dama bayan wata shida ya gama da shi a turmi na goma sha ɗaya. Wannan ɗabi'ar nake nema a zakara, domin karo na biyu alƙali ne da ya fi mutum ukun nan gaskiya. Fury ma da ita ya wanke kansa a wurin Wilder, ya tsayar da shi a 2020, ya sake kwantar da shi a 2021. Lewis kuma sau biyu kacal aka doke shi, Oliver McCall da Hasim Rahman, duka ya rama, shi ya sa nake sa shi gaban Tyson ba tare da jinkiri ba.

Usyk fa? Ya fara haɗe kambuna huɗu a ajin da ke ƙasa da masu nauyi a 2018, a Mosko, gaban mutanen abokin karawarsa. Ya hauro ya doke Anthony Joshua a Landan a 2021, ya maimaita a Jidda a 2022. Ya doke Fury sau biyu a 2024, na biyun alƙalai uku duk suka rubuta 116 da 112, alhali Fury ya fi shi nauyi da sama da kilo 20. A Yuli 2025 ya kwantar da Daniel Dubois a turmi na biyar a filin Wembley da ke Landan. Babu ko ɗaya daga waɗannan da aka yi a ƙasarsa Yukren, kuma Joshua da Fury da Dubois kowannensu sau biyu ya doke shi, babu mai cewa sa'a ce. Abin da ke rage masa shi ne wasanninsa a wannan aji kaɗan ne, kuma mutum uku ne ginshiƙin sunansa. Louis ya yi shekara goma sha ɗaya da ɗoriya yana karɓar duk wanda ya zo, Ali ya ratsa zamanin da ya fi kowanne cika da maza. Saboda haka a wurina Ali, sai Louis, sai Lewis da Holmes, wanda ya kare kambu sau 20, Usyk yana tsakaninsu kafaɗa da kafaɗa, Tyson yana biye da su. In wani a majalisarku ya sa Louis gaban Ali, ko ya sa Usyk gaban Holmes, ku saurare shi, yana da hujja. Wanda ya sa Tyson gaban Ali kuwa, ku tambaye shi ya kawo dare ɗaya da aka kai Tyson ƙasa ya tashi ya ci.